Simintin Da Na Shafa Wa Gidan Kakanmu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na so in riƙe, amma ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Gumel ba, ranar da na tsaya a gaban jama'ar unguwarmu cikin babbar riga mai sitaci, da lasifika a hannu, wata mata ta yi mini tambaya na rasa amsar da zan ba ta sai nuni da yatsa. Har yau idan na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Matata ta ce in daina ba da labarin, wai kowa ya manta. Ba wanda ya manta. Shiru kawai ake yi idan na iso majalisa.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku fi jin daɗin dariyar. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma darasin da nake koyarwa shi ne tarihi. (Eh, tarihi. Ku yi dariyarku ku gama, ina jira.) A unguwarmu idan gardama ta kaure kan wani abu na da, ni ake kira in raba. Na saba da wannan girma har ya zauna mini a kai kamar hula.

Muna da gidan gado a cikin tsohon gari. Ginin ƙasa ne, katangarsa mai kauri, da zankwaye a sama, da zaure mai rufin azara wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa randa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne fuskar gidan. Tun daga gefen ƙofa har sama zane ne na magina, dagi a cikin dagi, an tayar da shi da ƙasa an shafe da makuba, ya yi jajawur mai duhu. Mu da muka tashi a gabansa ba ma ganinsa. Bango ne kawai da muke jingina keke.

Duk mun watse mun yi gidajen bulo a bayan gari. Wadda ta rage a ciki ita ce Gwaggo Asabe, yayar mahaifina. A gidan aka haife ta, daga nan aka kai ta gidan miji a Sule Tankarkar, da mijin ya rasu ta dawo ɗakin da aka yanke mata cibiya. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini. Tana yawan cewa daga ɗakin nan za a fitar da ita zuwa makwancinta, kuma ba da wasa take faɗa ba.

Damina ta kusa ƙarewa aka zo da jan fenti. Za a faɗaɗa titi a yi magudanar ruwa. Gidanmu kuwa a kwance yake a gefen hanya, don haka alamar ta ci zaure, ta ci rabin tsakar gida, ta bi ta tsakiyar ɗakin Gwaggo. Na je na same ta zaune a bakin ƙofa da carbi. Maganar diyya ko saurara ba ta yi ba.

"Babana," ta ce, "kai ne mai ilimi a cikinmu. Ka san yadda za ka yi."

Wani abokin karatuna da ke aiki a Dutse ne ya ba ni shawara. Ya ce akwai hukumar da ke tattara tsofaffin gine-gine tana sa su cikin waɗanda gwamnati ke karewa, kuma in gida ya shiga, titi ne zai karkata ya ba shi wuri. Abin da ake bukata shi ne bayanin gidan da hujjar tsufansa. Na ɗauki hotunan fuskar gidan da wayata na tura masa, shi kuma ya tura gaba.

Bayanin gida bai ba ni wahala ba, na rubuta shi da Turancin da ni kaina sai da na duba ƙamus. Shekarun ne suka gagare ni. Na tambayi Gwaggo, ta dube ni kamar na tambaye ta nauyin iska.

"Wa ya ƙirga masa? Ni dai na buɗe ido na gan shi. Mai sunanka ma ya ce a cikinsa ya buɗe ido."

Na tafi majalisar dattawa. Ɗaya ya ce lokacin da jirgin ƙasa ya fara kuka a Gagarawa Tasha gidan nan ya riga ya tsufa. Na biyu ya ce ƙarya ne, kakansa na cikin waɗanda suka taka ƙasar ginin. Na uku ya ce kakan na biyun bai taɓa taka ƙasar kowa ba, ɗan kamasho ne a kasuwar Maigatari. Daga nan aka bar maganar gida aka koma ta kakanni, sai da liman ya sa baki. Na taso da ciwon kai da shekaru iri uku, tsakanin ta farko da ta ƙarshe kuwa akwai rayuwar mutum biyu.

Ina cikin wannan ruɗani wayata ta yi ƙara. Wata mata ce, ta ce sunanta Dakta Rabi, masaniyar gine-ginen gargajiya, ita aka ba hotunan. Muryarta har rawa take don murna. Ta ce ta daɗe ba ta ga zane irin wannan a tsaye ba, za ta zo da kanta bayan mako biyu. Na fara ba ta haƙuri kan maganar shekaru, ta katse ni.

"Malam, kada wannan ya dame ka, bangon zai gaya mana. Abin da nake roƙo kawai, don Allah kada a taɓa komai. A bar shi yadda yake har mu zo."

"Ba komai, ranki ya daɗe," na ce.

To, a nan ne nake so ku yi mini adalci, ko da kaɗan ne. A garinmu idan baƙo ya aiko cewa kada a wahala, kada a dafa komai, me ake yi? Kaza ake kamawa. Idan ya ce a tabarma ma zai kwana, sabon zanen gado ake fitarwa. Haka muka taras, haka muke yi. (Akwai shekarar da surukina na Maigatari ya ce kada a yi masa girki, matata tana amarya ta ɗauka da gaske yake. Har yau ana tuna mata.) Saboda haka da Dakta ta ce kada a taɓa komai, abin da kunnena ya ji shi ne: ga mace mai tarbiyya, ba ta son ɗora wa mutane nauyi. Har yabonta na yi a gaban matata.

Washegari na je na tsaya a gaban gidan, na dube shi da idon baƙo, sai kunya ta rufe ni. Ruwan sama ya zaizaye gindin katanga. Awaki sun goge wani gefe da jikinsu har ya yi sulɓi. Yara sun yi rubutu da gawayi, 'yan siyasa sun manna fastocinsu, wani a kan wani. A bakin ƙofa kuma ga wani kududdufi da agwagin maƙwabta suka mayar nasu. Na ce a raina, manyan mutane za su taso tun daga birni su ga wannan? Su koma su ce zuri'ar gidan duk matsiyata ne marasa zuciya? Ai ko don mutuncin kakanmu ba zan bari ba.

Na kira Tanko birkila, wanda ya gina mini gidana. Ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa ya girgiza kai.

"Malam, siminti ba ya kama makuba. Sai an sassare har a kai tubali, a buga ragar waya da ƙusa. Waɗannan ƙulle-ƙullen kuwa in ka bar su, simintin ciki zai yi ya zubo."

"A sassare," na ce. Da bakina na faɗa, ban sha komai ba, ba kuma wanda ya tsare ni da bindiga.

Ina tsaye aka yi aikin, hannu a baya kamar injiniya. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: na gani. Da aka sare zanen sama sai wani zanen ya bayyana a ƙarƙashinsa, daban da na farko, layinsa ya fi siriri. Aka sare shi, wani ya sake fitowa, wannan da ɗan farin shafe a jikinsa. Haka suka yi ta fitowa, ja, baƙi-baƙi, fari, kamar ana ɓare albasa. Ni kuwa malamin tarihi na leƙa na taɓe baki na ce, "Kai, dubi uban dattin da ya taru!" Tanko ya ce wallahi kuwa.

Ƙarar diga ce ta fito da Gwaggo. Ta dogara sandarta ta tsaya tana kallon wurin da dagin yake da.

"Muna yara mukan bi shi da yatsa," ta ce, "mu ga wa zai gano inda ya fara. Ba wanda ya taɓa ganowa." Sannan ta ƙara da cewa, "In dai zai sa a bar mana gidan, ai shi ke nan."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na san abin da nake yi.

Da yamma ɓaraguzai suka yi tsibi a gaban gida. Tanko ya tambaye ni inda za a kai su. Nan fa basirata ta motsa. Na dubi tsibin, na dubi kududdufin agwagi, na ce a juye a ciki. Aka juye, aka yayyafa ruwa, aka daddaɓe har wurin ya yi lumui. Na koma gida ina gaya wa matata yadda na kashe matsala biyu da dabara ɗaya.

Siminti ya bushe aka shafa fenti ruwan madara, da shuɗin layi a gindi. Na ja da baya na duba. Wani ɗan ƙaramin tunani ya ɗarsu a raina cewa gidan ya koma kamar kemis. Da na saurari tunanin nan, da aƙalla na buga waya na faɗi gaskiya tun kafin a tara jama'a. Maimakon haka sai na kira mai rubutun allon shaguna, ya rubuta a saman ƙofa da manyan baƙaƙe: TSOHON GIDA MAI TARIHI. (Har da ɗan fure a kowane gefe. Kyauta ya yi mini furen.)

Ranar Laraba aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, aka shimfiɗa darduma a daidai inda kududdufin yake da. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, shugaban makarantarmu da abokan aikina suka zo, dattawan nan uku ma suka zo kowa da shirin kare shekarunsa. A cikin gida mata sun sauke shinkafa da kaji. Gwaggo ta ɗaura sabuwar atamfa ta zauna a cikin zaure inda za ta riƙa hangen waje.

Motar baƙi ta shigo layin, ta wuce mu. Ta je ƙarshen layi ta juyo, ta sake wuce mu a hankali, direba yana leƙen gidaje. Sai da na bi ta da gudu ina ɗaga hannu, babbar riga na tashi sama, sannan ta tsaya.

Dakta Rabi 'yar siririya ce mai gilashi, da hijabi da takalmin kambas, tare da maza biyu masu ɗauke da kyamara da abin awo. Ta gaida dattawa cikin ladabi, ta tsaya a kan darduma ta yi murmushi.

"Malam, kun wahalar da kanku. Amma mu je mu ga gidan tukuna kafin rana ta yi zafi, sai mu dawo nan mu zauna."

Ni kuwa na riga na karɓi lasifika don in fara jawabi. Don haka duk unguwa ta ji amsata, har da masu shago a bakin titi.

"Ai ga shi nan a bayanki, ranki ya daɗe."

Ta juya. Ta karanta rubutun saman ƙofa. Ta ciro wayarta ta dubi hoton da na tura, ta dubi bango, ta sake duban hoton. Ta cire gilashi ta goge ta mayar. Mai kyamara ya sauke kyamararsa a hankali. Na ga abin ya yi tsawo, sai na ce bari in cike shirun, na buɗe takardata na fara: wannan gida mai daɗaɗɗen tarihi, wanda masana suka yi ittifaƙi... Ban san waɗanne masana ba ne. Ta ɗaga mini hannu na tsaya.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Makon jiya. Saboda zuwanku."

"Saboda zuwanmu," ta maimaita.

Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. A hankali ta yi bayani, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Ta ce gidan ƙasa ba ya zuwa da takardar haihuwa. Kowane zamani magina sukan yi sabon yaɓe a kan na magabata, wani lokaci su sake zane a kan zane, don haka shekarun gida a cikin kaurin fuskarsa suke. Niyyarta ita ce ta buɗe wuri kamar tafin hannu a kusurwa, ta bi shafe-shafen har ta kai na ƙasa. Ta ce ta taɓa ganin irin wannan dagi a wani tsohon gida a Damagaram wanda aka san zamaninsa, kuma in na ƙasan ya dace da shi, to ta sami hujjar da za ta sa a karkata titi.

"Ba zan iya rubuta abin da ban gani ba, Malam," ta ce. Sai kuma fuskarta ta ɗan saki, kamar ta tuna wani abu. "Amma tsaya. Abin da aka sassare, ina aka kai shi? In yana nan a tare, ko gutsattsari ne, za mu iya harhaɗawa mu karanta."

Zufa ta keto mini tun daga ƙarƙashin hula. Duk idon unguwa yana kaina. Na ɗaga yatsa na nuna ƙasa, daidai ƙarƙashin takalminta.

Ta ja da baya kamar ta taka wuta. Mutanenta suka naɗe darduma. Ta tsuguna, ta sa makullin mota ta tono wani ɗan guntu, ja ta sama fari ta ƙasa, da ɗan lanƙwasar zane a jikinsa. Ta ɗora shi a tafin hannu don ta duba, ya marmashe ya zama gari.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mai unguwa.

Daga baya can wani ya tuntsire da dariya, aka yi masa tsawa. Ni kuma na manta lasifika na bakina, na ce, "Na shiga uku," abin ya karaɗe unguwa har ya dawo mini. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma ina, ai ni na sa aka daɓe ta.

Na ce ko a fasa simintin a cire? Ta ce in an cire, tubali tsirara za a tarar. Ta shiga zaure ta auna rufin, aka ɗauki hotuna, ta ce yana da kyau, amma irinsa ba su ƙare ba a ƙasar nan, da wuya shi kaɗai ya tsayar da titi. A nan Gwaggo ta kamo hannunta.

"'Yata, sannu da hanya. Kin ga yadda ya gyara mana shi ko? Yanzu ai za a bar mana."

Dakta ta dube ni. Na dubi azara.

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu, Inna," ta ce.

Ta ci loma biyu ta shinkafar don kada a ce ta raina, suka tafi. Dattawan nan uku ba wanda ya sake tayar da maganar shekaru. Shugaban makarantarmu ya dafa kafaɗata zai yi magana, sai ya fasa, ya ɗauki cinyar kaza ya wuce.

Ta yi ƙoƙarin kuwa, ba zan ci haƙƙinta ba. Da kanta ta bugo mini bayan wasu makonni ta ce gidan bai shiga ba, ta kuma ba ni haƙuri, kamar ita ta yi laifin. Na kwana biyu ina zagaye kafin in iya gaya wa Gwaggo. Da na faɗa, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da jan carbinta.

Bayan an gama girbi katafila ta zo. Kafin nan mun loda kayan Gwaggo a a-kori-kura, gado da tukwane da tsohuwar adakarta, zuwa gidan 'yarta a Gagarawa. Ban je wajen rusau ba. Na shiga aji na koyar da darasi, ina jin ƙarar daga nesa, ban san me na faɗa wa ɗalibai ba.

Sai da na yi wata guda kafin in iya zuwa gaishe ta. Na same ta a wani ɗan ɗaki na bulo mai rufin kwano, zafi kamar tanda, ta rame. Na durƙusa na fara neman gafara. Ta ɗora hannu a kaina.

"Haba Babana, daina. Ai ka kyauta masa. Ka yi masa wanka, ka yi masa sutura, kamar yadda ake wa kowane tsoho in zai tafi."

Da zagina ta yi, da tuni na warke. Wannan maganar kuwa har yau tana nan a maƙogwarona, ta ƙi wucewa.

Darasin da na koya ƙarami ne, har kunyar faɗarsa nake ji: ashe akwai baƙon da idan ya ce kada a taɓa komai, kada a taɓa komai ɗin yake nufi. Yanzu duk wanda ya aiko mini cewa kada in wahala, sai in miƙe ƙafa in zauna abina, ko ruwa sai ya roƙa. An fara cewa Malam ya koma marowaci. Su faɗa. Ni na san abin da karamcina na ƙarshe ya jawo: Gwaggo tana can zaune a ɗakin aro a Gagarawa, duk wanda ya zo daga Gumel sai ta tambaye shi ko titin ya yi kyau.